Bindiga a Cikin Mota, Mota a Filin Kamfani: Yadda Korar Ma'aikata 12 Ta Haifi Doka a Oklahoma

Ranar 1 ga Oktoba, 2002, aka shigo da karnuka filin ajiye motocin wata masana'antar takarda da ke garin Valliant, a kudu maso gabashin jihar Oklahoma ta Amurka. Masana'antar a lokacin ta kamfanin Weyerhaeuser ce, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin katako da takarda na ƙasar. Shugabannin wurin suna zargin cewa shaye-shaye ya fara yawa a tsakanin ma'aikata, saboda haka ƙwaya aka zo nema. Duk motar da kare ya tsaya a kanta sai a ɗauki lambarta, ofishin sharif na gundumar McCurtain ya duba sunan mai ita, a kirawo shi daga bakin aiki a ce ya buɗe. Da aka fara buɗe motoci sai ga bindigogi, wasu na farauta, wasu ƙanana.

Mutum 12 suka rasa aikinsu a kan wannan, wasu ma'aikatan kamfanin ne kai tsaye, wasu kuma na 'yan kwangilar da ke aiki a masana'antar. Ba a ce sun shiga da makami cikin ginin ba, ba a ce sun nuna wa kowa ba. Bindigogin suna cikin motocinsu, a waje. Laifinsu shi ne saɓa wa ƙa'idar kamfani, wadda ta hana makami a ko'ina cikin harabar, har da wurin fakin. Ma'aikatan suka ce shekara da shekaru ana zuwa da bindiga a mota ba wanda ya ce uffan, kuma ba a sanar da su yadda ya kamata cewa an faɗaɗa haramcin zuwa filin motoci ba. Kamfanin ya ce ya sanar.

Sai mutum ya san wurin kafin ya gane dalilin da ya sa abin ya yi zafi haka. Valliant gari ne da mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. Daji ne ya kewaye shi, na itatuwan da ake sara ana kai wa masana'antar. Kogin da ya raba Oklahoma da Teksas yana kusa daga kudu, jihar Akansas na gabas. Mutanen yankin mafarauta ne tun kaka da kakanni, kuma watan Oktoba daidai yake da kamawar kakar farautar barewa. Ma'aikaci kan taso daga ƙauyensa cikin duhu a motarsa a-kori-kura, ya bi doguwar hanya wadda ba gida gaba ba gida baya, ya yi aikin dare, da asuba ya biya daji kafin ya isa gida. A wurinsa bindigar da ke bayan kujera kayan mota ce, tana nan tare da jak da safaya. Sannan a irin wannan yanki aikin masana'anta ba abin wasa ba ne: wanda aka kora ba shi da wata masana'antar a tsallaken titi da zai je ya nema.

Wasu daga cikin korarrun sun kai ƙara, kuma sun faɗi. Mai karatu da ya saba jin cewa kundin tsarin mulkin Amurka ya ba kowa 'yancin riƙe bindiga zai yi mamaki, amma abin a fili yake ga lauyoyin can. Gyara na biyu na kundin, wanda aka amince da shi a 1791, gwamnati yake ɗaure wa hannu. Bai ce komai a kan mai gida ko mai kamfani ba. Kamar yadda 'yancin faɗin albarkacin baki bai hana mai shago korar yaronsa da ya zagi kwastoma ba, haka 'yancin bindiga bai tilasta wa kowa karɓar makami a filinsa ba. Ga kuma tsarin ɗaukar aiki na yawancin jihohin Amurka, inda mai aiki ke iya sallamar ma'aikaci a kowane lokaci ba tare da ya kawo dalili ba, muddin dalilin bai shiga cikin waɗanda doka ta haramta ba, kamar wariyar launin fata ko addini. Dokar Oklahoma ta wancan lokacin ma ta fito ƙarara ta ce mai wuri na da ikon hana makami a wurinsa. A watan Fabrairun 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai zama a Denver ta tabbatar da cewa kamfanin bai karya doka ba.

Kafin wannan hukunci ya fito, dokar da aka yi musu shari'a da ita ta riga ta canja, kuma saboda su aka canja ta. Canjin dai bai waiwayo baya ya amfane su ba.

Wanda ya ɗauki maganar zuwa majalisa shi ne Jerry Ellis, ɗan majalisar wakilan jihar, mutumin Valliant ɗin, kuma ɗan jam'iyyar Dimokurat. Wannan abin lura ne ga duk wanda ya ɗauka cewa a Amurka 'yan Rifablikan ne kaɗai ke kare bindiga. A karkarar Oklahoma ta wancan zamani ba haka abin yake ba. A watan Maris na 2004 ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 92 da 4 a majalisar wakilai, a majalisar dattawa kuma 41 ba ko ɗaya da ya ƙi. Gwamna Brad Henry, shi ma ɗan Dimokurat, ya sa hannu. Aka tsayar da 1 ga Nuwamba, 2004 a matsayin ranar fara aiki da ita.

Dokar gajeriya ce, amma bakinta da faɗi. Ta ce babu wani mutum, ko mai fili, ko ɗan haya, ko mai ɗaukar ma'aikata, ko kamfani, da aka yarje wa ya kafa ƙa'idar da za ta hana wani ɗaukar bindiga da ajiye ta a cikin mota a kulle, a duk wurin da aka ware don ajiye motoci. Mutum ɗaya kawai ta cire: wanda kotu ta taɓa samu da babban laifi. Ba ta tsaya a kan ma'aikata ba, ta haɗa da baƙo da kwastoma da mai kawo kaya. Ba ta bambanta kantin sayar da kayan masarufi da matatar mai ba. Sharaɗinta biyu ne, motar ta kasance a kulle, kuma a wurin fakin. Cikin ofis ko cikin masana'anta yana nan a hannun mai wuri, yana iya hanawa.

Saura 'yan kwanaki ta fara aiki, a ƙarshen Oktoban 2004, kamfanin Whirlpool mai ƙera kayan wutar gida, wanda ke da masana'anta a Tulsa, ya garzaya kotun tarayya. Kotu ta ba da umarnin dakatar da dokar na wucin gadi. Kamfanonin mai da iskar gas na Williams da ConocoPhillips suka shigo ƙarar, sannan wasu ƙananan masana'antu na yankin Tulsa, cikinsu har da Ramsey Winch, wanda daga baya shari'ar ta ɗauki sunansa. Tun kafin a shiga gundarin magana sai wata tambaya ta taso: shin wanda ya ƙi bin wannan doka laifi ya aikata da gwamnati za ta gurfanar da shi, ko kuwa magana ce tsakaninsa da wanda ya hana? Kotun tarayya ta miƙa tambayar ga babbar kotun laifuffuka ta jihar, wadda ta amsa a 2005 cewa laifi ne, ƙarami, amma laifi. Ma'ana manajan da ya manna takarda a bakin get yana cewa ba a shigo da bindiga filin motoci ba, yana iya samun kansa a gaban alƙali.

A wannan shekarar majalisa ta sake taɓa dokar. Ta ba wanda aka hana damar kai ƙara da kansa, ta kuma toshe babbar hujjar da kamfanoni ke kawowa, wato tsoron cewa idan wani ya ɗauko bindiga daga motarsa ya yi ɓarna, su za a kama da diyya. Gyaran ya ce ba za a nemi diyya daga mai wuri ba a kan abin da ya biyo bayan ajiye bindiga a motar da ke kulle, sai idan shi da kansa ya aikata laifi da ita. Wayo ne na siyasa. An cire wa kamfani nauyin aljihu, aka bar shi da hujjar rai kaɗai, wadda ta fi wuyar aunawa a kotu.

Sai ƙungiyar NRA ta shigo, babbar ƙungiyar masu bindiga ta Amurka. A farkon Agustan 2005 jagoranta Wayne LaPierre ya je Idabel, hedikwatar gundumar McCurtain, ya tsaya a gaban jama'a ya yi kiran a ƙaurace wa gidajen man Conoco da Phillips 66. Aka kakkafa allunan talla a bakin manyan hanyoyi masu cewa ConocoPhillips ba abokin gyara na biyu ba ne. (Mafi yawan gidajen man da ke ɗauke da waɗannan sunaye na 'yan kasuwa masu zaman kansu ne, saboda haka wanda ya fara jin ƙauracewar a jikinsa ba lallai ne ya san komai game da ƙarar ba.) Whirlpool ya riga ya janye tun da wuri, Williams ma ya zare jikinsa. ConocoPhillips, wanda a lokacin yake da babbar matata a Ponca City da tarin ma'aikata a Bartlesville, ya tsaya.

A nan ne rigimar ta fi ban sha'awa ga mai nazarin siyasa. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa a gefe guda, masu bindiga a ɗaya gefen, kuma su biyun ginshiƙai ne na masu ra'ayin riƙau a Amurka. Sun saba zama a inuwa ɗaya. Kowannensu da kalmar da yake rantsuwa da ita: wannan ya ce dukiyata, wancan ya ce 'yancina. Abin da ya rikita lissafi shi ne dukiya biyu ce ta hau kan juna. Filin na kamfani ne, motar ta ma'aikaci ce. Kamar baƙon da ya sauka a gidanka da akwatinsa a kulle: ɗakin naka ne, akwatin nasa, to wa ke da ta cewa a kan abin da ke ciki? 'Yan majalisar Rifablikan a jihohi da dama sun sami kansu gaba kura baya sayaki, ga masu ba su kuɗin kamfe, ga masu ba su ƙuri'a.

Hujjar masu goyon bayan dokar ta fi yadda abokan hamayyarsu ke nunawa ƙarfi. Suna cewa idan kamfani ya hana bindiga a filin fakin, ba a filin kaɗai ya hana ta ba. Ya hana ta a duk tsawon hanyar zuwa da dawowa, domin ba inda mutum zai ajiye ta tsakanin gida da get. Ma'aikaciyar asibiti da ke tashi ƙarfe 2 na dare, ko matar da tsohon mijinta ke bibiyarta, jiha ta ba ta lasisin riƙe makami, amma ƙa'idar wurin aiki ta soke lasisin kwana biyar a mako ba tare da an je majalisa ba. Kuma, in ji su, wanda ya ƙudurta kisa ba takardar da aka manna a bango ce za ta tsayar da shi ba.

Kamfanoni kuma ba tatsuniya suke ba. Oklahoma ta san kisan wurin aiki tun kafin a fara yawan maganarsa: ranar 20 ga Agusta, 1986, wani ma'aikacin gidan waya a garin Edmond ya kashe abokan aikinsa 14. Misalin da ya fi dacewa da wannan muhawara kuwa ya faru ne watanni tara bayan binciken Valliant. Ranar 8 ga Yuli, 2003, a masana'antar Lockheed Martin da ke kusa da Meridian a jihar Misisipi, wani ma'aikaci ya fice daga wani taron horo, ya je motarsa da ke filin fakin, ya dawo da bindigogi. Mutum 6 suka mutu ta dalilinsa, shi ma ya kashe kansa. Abin da masu kula da ma'aikata ke faɗa shi ne tazara. Mutumin da aka miƙa wa takardar sallama, ko aka ci masa fuska a gaban jama'a, idan makaminsa na gida sai ya tuƙa mota na minti 30 ko 40, kuma a hanya zuciya na iya sanyi, ko wani ya kira shi, ko a samu a kulle get. Idan makamin na waje, tafiyar minti biyu ce. A matatar mai ko masana'antar sinadarai kuwa, harsashi ɗaya da ya sami bututu ya isa ya jawo abin da ya fi ƙarfin mai harbin.

Kowane ɓangare ya zo da alƙaluma. A 2005 wata mujallar kiwon lafiyar al'umma ta Amurka ta buga binciken da aka yi a jihar North Carolina, wanda ya nuna cewa wuraren aikin da ke barin ma'aikata su zo da bindiga sun ninka waɗanda suka hana kowane makami kusan sau 5 wajen yiwuwar a yi kisa a cikinsu. Masu adawa da dokar suka rungume shi. Ɗaya ɓangaren ya amsa cewa binciken bai ware bindigar da ke kulle a mota daga wadda ke ƙarƙashin kanta ba, kuma wataƙila wuraren da dama ke da hatsari ne suka fi barin makami. Sun kuma nuna cewa kisan wurin aiki a Amurka yana raguwa, daga 1,080 a 1994 zuwa 609 a 2002, kuma akasarinsa fashi ne, ba faɗan abokan aiki ba. Gaskiya ne. Sai dai mai masana'anta ba ƙididdigar ƙasa yake gadi ba, get ɗinsa yake gadi.

Ranar 4 ga Oktoba, 2007, Mai shari'a Terence Kern na kotun tarayya a Tulsa ya yanke hukunci. Kamfanonin sun zo masa da hujjoji da dama. Sun ce dokar ƙwace ce, jiha ta karɓe musu wani ɓangare na ikonsu a kan filinsu ba tare da biyan diyya ba. Sun ce lafazinta ba a fayyace yake ba. Duk waɗannan bai karɓa ba. Wadda ya karɓa ita ce ta dokar tarayya ta 1970 kan lafiya da tsaron ma'aikata, wadda Shugaba Nixon ya sa wa hannu, wadda kuma ta haifi OSHA, hukumar tarayya mai sa ido kan lafiya da tsaro a wuraren aiki. A cikinta akwai wani sashe da ya ɗora wa kowane mai ɗaukar ma'aikata nauyin samar da wurin aiki da babu sanannen hatsarin da zai iya kisa ko jikkata mutum. Alƙalin ya ce harbi a wurin aiki sanannen hatsari ne, hana bindiga a haraba hanya ce ta rage shi, kuma jiha ba za ta mayar da abin da dokar tarayya ke ƙarfafawa ya zama laifi ba. Inda dokar jiha ta yi karo da ta tarayya, ta tarayya ce a sama. Ya dakatar da dokar dindindin.

Dindindin ɗin bai kai shekara ɗaya da rabi ba. Jiha ta ɗaukaka ƙara, kuma ana tsakiyar haka, a watan Janairun 2009, kwanaki kaɗan kafin gwamnatin George W. Bush ta sauka, muƙaddashin shugaban OSHA, Thomas Stohler, ya rubuta wa Jerry Ellis wasiƙa, wanda a lokacin ya koma majalisar dattawan jihar. Wasiƙar ta ce hukumar ba ta ganin dokar tarayya ta ture ta Oklahoma. Hukumar da aka ce ana kare ikonta ita da kanta ta ce ba a taka mata ƙafa ba.

Ranar 18 ga Fabrairu, 2009, alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara a Denver suka soke hukuncin Kern baki ɗayansu. Dalilinsu ya tsaya ne a kan abin da OSHA ba ta yi ba. Hukumar tana da ƙa'idoji a rubuce kan tsani da hular kwano da ƙarar inji da sinadarai, amma ba ta da ko ɗaya kan bindiga. Abin da ta fitar game da tashin hankali a wurin aiki shawarwari ne, wanda ya ga dama ya bi. A 2006 ma an nemi ta kafa ƙa'idar hana bindiga a wuraren aiki, ta ƙi. Kotun ta ce tunda haka ne, ba za a ɗauki sashe mai faɗin baki a rushe dokar da jiha ta yi a fagen da dama nata ne ba, wato tsaron jama'a da hukunta laifi. Game da ƙwace kuwa, kotun ta jingina da wata shari'a ta 1980, ta cibiyar kasuwanci ta PruneYard a Kalifoniya, inda Kotun Ƙoli ta ce jiha na iya tilasta wa mai rukunin shaguna ya bar ɗalibai su tara sa hannun jama'a a harabarsa, kuma wannan ba ƙwace ba ne. Kamfanonin Oklahoma, in ji kotun, ba a karɓe musu ko taku ɗaya na fili ba. An dai taƙaita irin sharaɗin da za su gindaya wa wanda suka riga suka bari ya shigo.

Bayan shekara huɗu da 'yan watanni a dakace, dokar ta fara aiki.

A ganina, duk wanda ya karanta wannan hukunci yana neman amsar ko bindiga a filin fakin na ƙara tsaro ko rage shi, zai tashi hannu rabbana. Kotun ba ta ce dokar na da hikima ba. Ta ce majalisa na da ikon yin ta, kuma akwai dalilin da hankali zai iya ɗauka, wanda shi ne mafi ƙanƙantar ma'auni a shari'ar Amurka. Tambayar da aka fara da ita ta rai ce, wadda aka amsa ta iko ce. Kuma abin da ya yanke ta shi ne shirun wata hukuma a Washinton, wadda ta san cewa duk ranar da ta rubuta kalmar bindiga a cikin ƙa'idojinta, majalisar tarayya za ta taso mata.

Ina kuma ganin Weyerhaeuser ya je neman ƙiba ya samo rama, ba shi kaɗai ba, har da sauran kamfanonin jihar. Yana da ikon yin abin da ya yi, kotu ma ta faɗa. Amma da an ja wa mutanen kunne, an ce kowa ya mayar da bindigarsa gida kada a sake gani, da wuya maganar ta wuce gundumar McCurtain. Korar mutum 12 a garin da kowa ya san kowa ita ta ba NRA labari mai fuska da suna, wanda ta yi ta yawo da shi daga majalisa zuwa majalisa. A ɗaya hannun, majalisar Oklahoma ma ta yi gaggawa. Dokar da aka rubuta da mafarautan Valliant a zuciya ta faɗa kan matatar mai da wurin renon yara da ƙaramin ofishin da mai shi ke da dalilinsa na tsoron wani ma'aikaci takamaimai. Jihohin da suka biyo baya sun ga wannan giɓi, mafi yawansu suka sa togaciya.

Togaciyar kuma ta zo da nata wasan. Fulorida ta yi tata dokar a 2008, Gwamna Charlie Crist ya sa hannu, ta fara aiki 1 ga Yuli. An cire makarantu da gidajen yari da tashoshin nukiliya da wuraren aikin tsaron ƙasa, da kuma masu lasisin tarayya na harkar abubuwan fashewa. Sai kamfanin Disney, wanda ke da dubun dubatar ma'aikata a Orlando, ya ce ai shi ma yana ciki, tunda yana da lasisin wasan wuta da yake harbawa sama kowane dare don nishaɗin baƙi. A wannan shekarar wani alƙalin tarayya, Robert Hinkle, ya bar ɓangaren dokar da ya shafi ma'aikata masu lasisi, ya dakatar da wanda ya shafi kwastomomi. Teksas ta yi tata a 2011, da tanadi na musamman ga matatun mai da masana'antun sinadarai. A Tenesi manyan kamfanoni irin su FedEx da Volkswagen sun yi ta turjiya, ƙudurin ya maƙale a 2012. NRA ta ɗora laifin a kan Debra Maggart, ɗaya daga cikin shugabannin 'yan Rifablikan a majalisar wakilan jihar, ta zuba kuɗi a zaɓen fid da gwani, Maggart ta sha kaye. Shekara ta zagayo, 2013, dokar ta wuce. Sauran 'yan majalisa sun karanta darasin ba sai an fassara musu ba. Yau jihohi fiye da 20 ke da irin wannan doka, kowace da nata sharaɗin: wata sai mai lasisi, wata sai an ɓoye makamin daga ido, wata ta bar kamfani ya hana idan ya tanadi wani filin ko ma'ajiya ta dabam. A Misisipi, jihar da aka yi kisan Meridian, kotun ƙolin jihar ta ce a 2016 ma'aikacin da aka kora saboda bindiga a motarsa da ke kulle yana iya ƙarar kamfani, duk da tsarin sallama ba dalili.

Akwai abin da ɓangarorin biyu ba su cika kawowa ba a shekarun shari'ar, wanda yanzu ya fito fili. Mota ba ma'ajiya ba ce. Gilashi ne da ɗan makulli. Bindigar da aka tura ƙarƙashin kujera ko aka jefa a aljihun gaban mota tana zaune awa takwas ko goma sha biyu ba mai kallo, a filin da kowa ya san lokacin shiga da lokacin tashi. Ƙungiyar Everytown, mai fafutukar tsaurara dokokin bindiga, ta bi alƙaluman hukumar FBI ta gano cewa a 2022 fiye da rabin bindigogin da aka kai rahoton sace su a biranen da ta duba, daga cikin mota aka ɗauke su. Ba duka a wurin aiki ba, da yawa a ƙofar gida ne. Amma dokar da ta ce ka zo da ita har get, kada ka shiga da ita, ta mayar da mota wurin ajiya na dole. Ita dokar Oklahoma kulle mota kawai ta nema, ba ta ce a sa makamin a akwatin ƙarfe ba. Tun 1 ga Nuwamba, 2019 kuma, jihar ta daina neman lasisi daga yawancin manya kafin su ɗauki bindiga, saboda haka ko tacewar da lasisi ke yi babu ita.

Ta fuskar shari'a ma ƙasa ta motsa a ƙarƙashin hukuncin 2009. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar gonar Cedar Point, ita ma daga Kalifoniya. Wata ƙa'idar jihar ta ba wakilan ƙungiyar ƙwadago damar shiga gonaki su gana da leburori, awa 3 a rana, kwana 120 a shekara. Kotun, da rinjayen alƙalai 6 da 3, ta ce wannan ƙwace ne da ke buƙatar diyya, domin ikon hana wani shiga filinka yana daga cikin tushen mallaka. Da aka kawo mata PruneYard sai ta ce wancan dabam ne, kasuwa ce da mai ita ya buɗe wa kowa da kowa. Lauyan da ke kare dokar Oklahoma zai ce ma'aikaci ba kutse ya yi ba, kamfani ne ya gayyace shi, kuma bindiga kaya ce ba mutum ba. Lauyan kamfani zai ce filin fakin masana'anta mai shinge da maigadi da katin shiga ya fi kama da gonar Cedar Point fiye da kasuwar da kowa ke shiga, kuma a kan waccan kasuwar ce kotun Denver ta jingina hukuncinta.